Ranar da Kaka Ta Karɓi Tallana

Ana gini a bayan gidan da nake haya a Kubwa. Shekaranjiya da hantsi ina shara, sai iska ta shigo mini ta taga da warin jiƙaƙƙen siminti haɗe da ƙamshin man gyaɗa da aka soya da albasa. Wata mai abinci ce ta zo wa leburori da kalaci. Na san ba kowa ne zai ji wannan haɗi ya tsaya ba, kai ma wataƙila rufe taga za ka yi. Ni kuwa jingine tsintsiyar na yi na zauna a bakin gado, don a cikin wannan wari na girma, kuma ban taɓa jin sa ban tuna da kakata ba.

A Karmo muka zauna, a shekarun farko bayan soja sun koma bariki, lokacin da Abuja ke tsiro ta ko'ina. Inda ka bari daji, in ka dawo bayan damina sai ka tarar da benaye. Mu da muka zo cin arzikin ginin, gidajenmu na jar ƙasa ne da tsohon kwano, ɗaki manne da ɗaki, lungunan kuwa in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Babana direban tifa ne, yana ɗibar yashi yana kai wa 'yan kwangila. Wani lokaci mu yi kwanaki ba mu sa shi a ido ba, abin da yake samu kuma yau akwai gobe babu. Mahaifiyata ta rasu tun ban san kamanninta ba. Shi ya sa Baba ya je ƙauyenmu a ƙasar Katsina ya lallaso mahaifiyarsa ta zo ta riƙe ni.

Kaka ta zo, amma ba ta taɓa yarda ta kira Abuja gari ba. Wurin aiki take ce masa. Gari a wurinta shi ne inda in ka fita za a tsaya a gaishe ka, a tambaye ka mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Tana tsoron mota ƙwarai, tun ranar da aka sauke ta a tasha ba ta sake tsallaka kwalta ba. Ga ciwon gwiwa, in za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango ta kira sunan Allah. Bakinta ne dai lafiya lau. Ƙawata take ce mini, kuma gari ba ya wayewa ba ta tsokane ni ba: yau wai ba ni da abin nunawa sai haƙora, gobe wai ci ne da ni ban da auki. Ni ma ba na raga mata, ina ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta bi ni da muciya alhali ta san ba za ta kamo ni ba.

Ɗan wake take yi. Da an idar da sallar asuba ta kwaɓa garin wake da na rogo, da kuka da ruwan kanwa, ta riƙa gutsurowa tana jefawa a tafasasshen ruwa da saurin da ido ba ya bi. In ya taso ta tsame, ta zuba a babban kwano, ta jera mini shi a tire tare da kwalbar soyayyen mai da gwangwanin yaji da tsinkaye. Sannan ta naɗa gammo da tsohon zane, ta ɗora mini, ta tofa mini addu'a a ka. Kullum abu ɗaya take faɗa in zan fita: "Allah ya tsare, ke ce ƙafata." Ban fi shekara tara ba a lokacin.

Kada ka ɗauka kuka nake tafiya ina yi. Akwai daɗi a talla, kuma ba zan ɓoye ba. Muna fita ayari, 'yan mata biyar ko shida, mu bi ta gonakin Gwarawa mu ɓulla wajen gine-ginen Gwarinpa. Da damina dawa ta fi mu tsawo, jan taɓo ya riƙe mana silifa har mu cire mu ɗora a kan tire. Da rani ƙasa ta yi zafi, mu riƙa gudu daga inuwa zuwa inuwa. Leburorin kuwa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suke, Hausarsu ta koyo ce, ba ruwansu da mace ko namiji. Akwai wani birkila mai ƙaton ciki da ke hango ni daga saman bene ya ce, "Ƙaramin Hajiya, zo ka ba ni, ka sa yaji da yawa, oga bai zo ba." In na dawo gida na kwaikwaya wa Kaka, ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta.

Abin da ba na kwaikwaya mata shi ne ciwon da wuyana ke yi in rana ta take, da kuma abin da nake ji in mun wuce ta bayan firamaren da ke kan hanyarmu. Tagoginta a buɗe suke, yara na bin malami da murya ɗaya. Na haddace waƙoƙinsu kaf ba tare da na san ma'anar ko ɗaya ba. Ina zuwa makarantar allo da yamma kamar kowa, amma shuɗin yunifom ɗin nan da farin hijabi sun tsaya mini a rai. Ban taɓa faɗa ba. Duk ƙanƙantata na san tukunyar gidanmu a kan tiren nan take tsaye.

Ita ma Kaka ba don tukunya kaɗai take sa ni talla ba. A al'adarmu ribar talla ba ta mai dafawa ba ce ita ɗaya, yarinyar da ta ɗauka tana da rabo, kuma da shi ake tara mata kayan ɗaki tun tana ƙarama. Duk sanda abin ya ɗan taru, sai Kaka ta aika a kira dillaliya, ta zaɓi kwano ɗaya mai fure, ta naɗe shi a tsumma ta tura ƙarƙashin gado. Ranar Juma'a takan fito da su ta goge, ta jera a tabarma, tana nuna mini tana cewa wannan wuyana ne ya saye shi, wancan ma haka. Ita ma da tallan fura ta tara nata. Tana cewa ni marainiya ce, kuma muddin tana numfashi ba za a kai ni gidan kowa hannu rabbana ba. A ganinta babu gatan da ya wuce wannan, kuma da zuciya ɗaya take yi mini shi.

Labarin doka kawuna ne ya kawo mana shi. Ƙanen mahaifiyata ne, yana aiki a wata ma'aikatar tarayya, yana zaune a Kubwa. Ƙarshen wata yakan zo da burodi da sabulu, ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaida Kaka. Ran nan bayan gaisuwa sai ya gyara murya ya ce gwamnati ta yi doka ta kare yara, an hana a sa yaro aikin da ya fi ƙarfinsa, an hana yawon talla lokacin da ya kamata yana aji. Ya ce a nan Abuja za a fara, jihohi su biyo baya. Kaka tana tsince wake, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ita gwamnatin, 'ya'ya nawa ta goya?" Kawu ya yi dariya ya sunkuyar da kai. Ta ce ita ta yi talla, uwar da ta haife shi ma ta yi, kuma ba ta ga wadda ta lalace ba. Ya ce shi zai kai ni makaranta a rubuta sunana. Ta ce to madalla, sai ya faɗa mata wanda zai kai ɗan waken. Nan ya bar zancen, don albashinsa ma bakuna da yawa ke jiran sa. Ta zuba masa ɗan wake ya ci ya tafi. Ni ina bayan labule ina jin su.

Wajen ƙarshen daminar shekarar nan aka kama ni. Muna zaune a bakin titi kusa da wani sabon gini, sai ga farar mota ta tsaya, jami'an gwamnati suka diro. Ƙawayena sun riga sun san kwanan zancen, kowace ta watsar da tirenta ta faɗa gona. Ni kuwa na tashi zan gudu sai na tuna kwanon Kaka ne, ga kwalba cike da mai, ban sayar da ko rabi ba. Na tsaya ina gyara gammo. A haka aka same ni, riƙe da tire da hannu biyu.

Ba wanda ya taɓa lafiyarmu, ni da sauran yaran da aka kwaso. Wani fili aka kai mu mai bishiyar mangwaro da bencina, aka ba mu ruwa da biskit, aka ce ba mai tafiya sai babba ya zo daga gidansu. Baba yana can wajen ɗibar yashi, Kawu kuwa ba mu da hanyar samun sa. Na zauna ina kallon ƙofa, ina ganin ana zuwa ana tafiya da yara, na san ni ba mai zuwa, don tsakanin Karmo da wurin nan akwai kwalta mai hannu biyu. La'asar ta yi sanyi sai ga Kaka, da mayafinta na Sallah, takalmanta a hannu, wani maƙwabcinmu na riƙe da ita. Daga baya ta ce ido rufe ta tsallaka, tana karanta duk abin da ta sani.

Da faɗa ta zo, na gani a bakinta. Amma jami'ar da ke wurin Bahaushiya ce, 'yar boko mai tabarau, kuma da ta ga tsohuwa sai ta tashi daga kujera ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta tambaye ta gajiya da mutanen gida. Wannan ya kashe wa Kaka jiki. Suka daɗe suna magana, ita tana bayanin doka a hankali, Kaka tana bayanin kwanuka. Can sai jami'ar ta juyo wurina ta ce, "Ke fa, kina son makaranta?"

Ba wanda ya taɓa tambayata. Na dubi ƙasa, na so in ce a'a don kada in kunyata Kaka a gaban baƙuwa, amma hawaye suka riga ni. Na ce ina so.

Kaka ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Ƙawata, ashe kina so, ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Na ce, "To wa zai kai miki ɗan wake?"

Ta juya ga jami'ar ta ce, "'Yar nan, daga yau ba za ki sake ganin ta da tire ba. Ni na faɗa da bakina."

Har muka isa gida ba ta tsokane ni ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi duka tsorata ni. Washegari ta aika a kira dillaliya. Na zaci sabon kwano za ta saya don ta lallashe ni, sai na ga ta durƙusa da gwiwoyin nan nata tana jawo tsummokara daga ƙarƙashin gado. Duk ta fito da su, ba ta bar ko murfi ba. Na fashe da kuka na ce na fasa makarantar. Ta ce in rufe mata baki, ai dama sun zama tsohon yayi, 'yan matan yanzu wa ke jera kwano mai fure. Tana faɗa tana goge su ɗaya bayan ɗaya kafin ta miƙa, kamar yadda take yi ranar Juma'a. Da kuɗinsu aka ɗinka mini yunifom, aka sayi takalmi da jaka da littattafai, Kawu ya ɗauki hutun rana guda ya kai ni. Na fi kowa tsawo a ajin, ban damu ba.

Na ɗauka sana'a ta mutu ke nan, don leburori da hantsi suke ci, daidai lokacin da nake aji. Amma ranar da zan fara zuwa, na farka na tarar da ruwa yana tafasa kamar kullum. Ta jera tire, ta naɗa gammo, ta ɗora a kanta. Ta sa na kwatanta mata hanya, ta bi wata maƙwabciya mai kunu suka tafi. Baba da ya dawo ya ji, ransa ya ɓaci, ya ce za a ce ya kasa riƙe uwarsa. Ta ce masa in ya fara kawo abin da zai ishi gida ta daina, kafin nan ya bar ta da harkarta.

Makonnin farko dai abin dariya ne, ko da yake a lokacin ba mu yi dariyar ba. Kaka ba ta iya sayar wa mutum abu ba ta gaishe shi ba. Lebura ya sauko da yunwa, hutunsa kaɗan ne, ita kuwa sai ta fara da ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya aka baro mutanen gida, yaya baƙunta. Bawan Allah da Hausarsa ba ta wuce ta ciniki ba sai ya yi ta cewa lafiya, lafiya, yana leƙen kwano. Kafin ta sallami mutum uku an koma aiki, ɗan wake ya huce. Ga shi ba ta kiran talla, wai matar malam ce ita, ba ta ɗaga murya a titi ba tun tana budurwa. Sai ta sami inuwa ta zauna shiru tana jiran a gane. Rabin kwano take dawowa da shi, mu ci da rana mu ci da yamma, har Baba ya ce ko a mafarki ya ga ɗan wake gudu zai yi.

Sannu a hankali suka saba da ita. Ta hana kowa ci sai ya wanke siminti daga hannunsa, tana yi musu faɗa kamar ita ta haife su, su kuma da ke nesa da iyayensu sai abin ya yi musu daɗi. Mama suke ce mata. Birkilan nan mai ƙaton ciki ya sa aka jera mata bulo ta riƙa zama. Ya koyi amsa gaisuwar har ƙarshe, yana ma tambayar ta ina ƙaramin Hajiya, ta ce yana makaranta, ta faɗa da ƙarfi yadda na saman bene ma za su ji.

Jikinta ne bai saba ba. Bayan magariba nakan shafa mata man zafi a wuya da gwiwoyi, tana cije baki tana cewa hannuna ba shi da albarka. In na ce ta huta gobe, sai ta tambaye ni abin da aka koya mana yau.

Wata rana da rani aka tashe mu da wuri, na biyo ta hanyar gonaki, an girbe dawa fili ya buɗe. Daga nesa na hango wata tsohuwa tana hawan tudu da kaya a kafaɗa, irin ɗaukar matan Gwarawa, waɗanda ba sa ɗora kaya a ka. Tana ɗan tafiya tana tsayawa. Sai da na matso na gane zanen. Kaka ce, wadda ta sha yi wa Gwarawa dariya tana cewa Allah ya ba su kai sun rasa abin yi da shi. Ashe wuyan ya daɗe da gazawa, wata Bagwariya mai sayar da itace ta koya mata ɗaukar kafaɗa, sai ta kusa shiga unguwa take mayar da shi ka don kada in gani.

Na yar da jakata na ruga na kama bakin tiren. Ta riƙe gam, ta ce in sakar mata kayanta. Na ce, "Kaka, ba kowa a nan. Zuwa gindin bishiyar can kawai."

Gumi na zuba daga haɓarta, numfashinta na fita da ƙyar, amma sai ta yi murmushi ta ce, "Ba ki ji an yi doka ba? So kike a kama ni da tsufana?" Da ta ga ban saki ba, ta sassauta murya ta ce, "Na yi wa 'yar mutane alkawari. Ɗauki jakarki mu je."

Na ɗauka. Muka taho a hankali, ni a baya ina kallon kafaɗarta. Ta ce in karanta mata abin da muka yi a aji don hanya ta yi gajarta, na yi ta karantawa, tana cewa madalla a wuraren da ba su dace ba.

Yau gonakin nan babu su, gidaje ne da shaguna, lungunmu ma na je na kasa gane shi. Ina koyarwa a firamare. 'Yata ta kai shekarun da nake da su a lokacin, kuma abu mafi nauyi da take ɗauka shi ne jakar makaranta, shi ma da mita. In na ji a rediyo wata jiha ta sa hannu a dokar kare yara, ko ta ƙara mata ƙarfi, daɗi nake ji har raina, don ba don ita ba da ban riƙe alli ba. Sai dai na san abin da ba a faɗa a rediyon. Doka tana sauke tire daga kan yarinya, amma tukunyar gidansu tana nan, kuma dole wani ya ɗauka. Shi ya sa in yarinya ta ɓace daga ajina ba na zuwa gidansu da barazana. Nakan durƙusa in gaida wadda na tarar, in tambayi wa ke dafawa, wa kuma zai kai.

A gidanmu tsohuwa ce mai ciwon gwiwa ta kai. Ta yi ta kaiwa har na shiga sakandare, ta rasu ban fara ɗaukar albashi ba, ban saya mata ko turmin zane ba, kuma wannan yana yi mini ciwo har gobe. Tun daga ranar da ta yi alkawarin nan har ta kwanta ciwon ajali, ba ta bar ni na ɗaukar mata tiren ba, ko da daga tsakar gida zuwa bakin ƙofa.